Ajiyar Sarki Haliru a Gidan Shamuwa da Belbela

An yi wani sarki, ba a zamanin da ya yi nisa ba, a cikin wannan zamani namu ne na waya da kwamfuta, sunansa Haliru ɗan Zakariyya, yana sarautar wata ƙasa da ake kira Ƙirya, wadda rabinta tudu ne, rabinta kuwa bakin kogi. Mutum ne mai nufin alheri ga talakawansa, mai son a fara abu a ga ƙarshensa, sai dai Allah bai ba shi haƙurin zama da mutumin da za a yi wa tambaya gajera ya kawo amsa doguwa wadda babu komai a cikinta ba. Za ku gani kuwa, ya ku ma'abota karatu, da irin waɗannan mutane aka jarrabe shi.

A farkon sarautarsa ya tarar da takardun ƙasa a cikin mummunan hali, na asibiti da na gonaki da na haihuwa, an jibge su a ɗakunan da rufinsu ke yoyo, ɓeraye suna rabon abin da ruwa ya bari. Ana cikin haka sai ga wakilan wasu kamfanoni biyu daga ƙetare, ɗaya ana kiransa Shamuwa, ɗayan Belbela, suna tallar irin ajiyar nan da mutanen zamani suke kira gajimare. Ba don tana sama aka ba ta sunan ba, sai don mai kaya ba ya ganin inda take, domin wasu manyan gidaje ne cike da injina a ƙasashe masu nisa, mutum yana zaune a ofishinsa zai aika bayaninsa can ta intanet, ya kuma kira shi duk lokacin da yake bukata. Kowane kamfani ya yi alkawarin kwashe takardun ya zuba a injinansa ba tare da an biya ladan shiga ba. Wazirin sarki, wani dattijo mai taka-tsantsan da ake kira Mamuda, ya ba da shawarar kada a jingina ƙasa duka a kan kamfani ɗaya, saboda haka aka ba Shamuwa birni da garuruwan tudu, aka ba Belbela garuruwan bakin kogi. Aiki ya yi sauƙi, jama'a suka yaba, aka yi shekara da shekaru babu wanda ya taɓa tambayar yadda za a yi ranar da bayanin wannan gida zai bukaci zuwa wancan.

Ranar kuwa ta zo. Wata damina kogi ya yi ambaliya irin wadda tsofaffi ba su taɓa gani ba, ya ci gonaki da gidaje da asibitocin bakin ruwa, mutanen garuruwan suka kwararo birni da marasa lafiyarsu. Ba a daɗe ba, wata safiya fada ta cika, sai ga shugabar babban asibitin birni, Likita Ramlatu, ta shigo da farar rigar aikinta, idonta ja saboda rashin barci. Ta durƙusa ta yi gaisuwa a taƙaice, sannan ta ce:

"Allah ya ba ka nasara, ƙara na kawo, kuma ban san wanda zan ce nake ƙara ba. Mutanen bakin kogi sun cika mini asibiti, masu ciwon suga da masu sikila da mata masu ciki. Kowannensu tarihin lafiyarsa yana nan a rubuce, da nau'in jininsa da maganin da yake sha, amma a gidan Belbela yake, mu kuwa kwamfutocinmu na Shamuwa ne, kuma ɗaya ba ya jin maganar ɗaya. Jiya aka kawo Azumi matar Sarkin Ruwa a sume, muka yi mata allurar da ake yi wa kowa, ashe jikinta ba ya karɓarta, ashe kuma an rubuta hakan tuntuni a asibitin garinsu. Da ƙyar muka ceto ta. Akwai wani tsoho masunci da ba mu ceto ba. Ranka ya daɗe, ni likita ce, ba boka ba, ba zan iya duban fuskar mutum in san abin da ke cikin jininsa ba."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Waziri, bayanan nan ba namu ba ne?"

Waziri ya ce, "Namu ne, Allah ya ja zamaninka."

Sarki ya ce, "To a ɗauko a ba ta mana."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce gara a kira masu ajiyar su yi bayani da bakinsu.

Aka kira su. Wakilin Belbela wani siririn mutum ne mai laushin murya, Malam Isiyaku, wanda ba ya fara magana sai ya yi addu'a, ba ya kuma gama ta sai an tsayar da shi. Wakilin Shamuwa kuwa Alhaji Mudi ne, ƙaton mutum mai yawan dariya, wanda ya daɗe a fatauci kafin ya shiga aikin kamfani. Sarki ya fara da Isiyaku ya ce, "Bayanan marasa lafiyar bakin kogi na wane ne?"

Isiyaku ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki lafiya da nisan kwana, na sarki ne, ba mu taɓa musun haka ba, mu masu gadi ne kawai."

Sarki ya ce, "To ka ba Likita."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da gudu zan ba ta, sai dai kowane kamfani yana da tsarin da yake jera bayanai a kansa, kuma namu ba ya shiga injinan Shamuwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a kawo asibitin birni gidanmu, shi ke nan an huta."

Alhaji Mudi ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abin da ya fi wannan sauƙi shi ne a kawo bakin kogi gidanmu."

Sarki ya ce, "Madalla. Kai Mudi, nuna masa naku tsarin ya zuba a kai."

Mudi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan sirrin kamfani ne."

"Kai fa Isiyaku, nuna masa naku."

"Allah ya taimaki sarki, namu ma sirri ne."

Sarki ya cire tabarau ɗinsa ya ajiye a cinya, alamar da fadawa suka sani ta cewa ransa ya soma ɓaci, ya ce, "To in mun ce a ba mu kayanmu a hannu, mu san yadda za mu yi da su?"

Nan fa bakinsu ya zo ɗaya a karo na farko, suka ce ana iya bayarwa, amma akwai ɗan haƙƙin ɗawainiyar fitarwa, wanda da aka bi diddigi aka ga ba ɗan ba ne. Sarki ya ce ko da an biya, yana so ya ga abin da za a ba shi. Aka buga shafi ɗaya aka kawo. Ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya miƙa wa Likita, ta duba ta ga lambobi da alamomi cakuɗe da juna, babu sunan mutum babu sunan cuta. Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, in wannan ne tarihin mara lafiya, to gara in tambayi maƙwabcinsa."

Sarki ya ce, "Inna lillahi! Shiga kyauta, fita da kuɗi, abin da za a fito da shi kuma ba ya karantuwa, sannan kuna kallonmu kuna cewa namu ne?"

Dukansu suka ce, "Naka ne, ranka ya daɗe."

A ranar dai abin da aka iya yi shi ne aka tilasta wa Belbela ya kafa kwamfutarsa ɗaya a asibitin birni, ma'aikatan jinya suka riƙa karantawa daga wannan allo suna bugawa da hannu a wancan, marasa lafiya suna layi har waje, kuskure kuma yana shiga saboda gajiya.

Da gari ya waye sarki ya tara majalisarsa ya ce, "Ga matsala mun ɗora muku. Akwai abu namu a gidan wasu, ba su hana mu ba, ba su kuma ba mu ba. Muna son a nemo mana hanyar da za mu mallaki abinmu da gaske, da sharaɗi uku: kada bayani ko ɗaya ya salwanta, kada mu karya amincin da muka bai wa baƙin nan lokacin da suka shigo ƙasarmu, kada kuma mu fita daga wannan rami mu faɗa irinsa. Wanda ya warware wannan, zai ga alherinmu."

Waziri Mamuda ya ce a zaɓi wanda ya fi rangwame a cikin biyun, a daure a biya kuɗin fita sau ɗaya, a tara komai a gidansa. Sarki ya ce, "Waziri, yanzu da suke su biyu ma ga yadda suke mana magana. In ya zama ɗaya ne kaɗai, ai mu ne za mu riƙa zuwa gaishe shi." Wani hakimi mai zafin kai ya ce a kore su duka kafin rana ta faɗi. Sarki ya ce, "In mun kori Mudi da Isiyaku, injinan ma a aljihunsu suke? Suna can bayan teku da bayanan talakawanmu a ciki." Wani kuma ya ce ƙasa ta gina nata gidan ajiyar. Likita Ramlatu, wadda aka ba izinin zama a majalisar, ta ce shawara ce mai kyau ga jikokinsu, amma matar da ke naƙuda a asibitinta ba za ta jira a gama gini ba. Aka yi ta kai da komo har azahar, sarki ya cire tabarau ya mayar har ya gaji.

Duk wannan abin da ake yi akwai wani dattijo da bai ce uffan ba, shi ne Alƙali Sha'aibu, wanda ya tsufa yana shari'a a kotun kasuwa, tsakanin dillalai da masu awo da fatake. Sarki ya ce, "Allah ya gafarta malam, kai ba ka ce komai ba."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban san kwamfuta ba, ko wayar hannuna ma ƙyale ta nake yi in ta yi gardama. Amma na san hukuncin ajiya, na kuma san halin 'yan kasuwa biyu da ke sayar da haja iri ɗaya. In sarki ya yarda, a bar ni in gana da kowannensu shi kaɗai, a gaban Likita da shaidu adilai da masanan kwamfuta na ƙasarmu, domin su tsare ni daga abin da ban fahimta ba. Sannan ina roƙon abu ɗaya mai wuya: ranar da za su dawo fada, sarki ya yi shiru har in gama."

Sarki ya ce, "Lalle ka roƙi abu mai wuya. Mun ba ka."

Alƙali ya fara kiran Malam Isiyaku, ya zaunar da shi, ya bar shi ya gama addu'o'insa, sannan ya ce, "Malam Isiyaku, ni jahili ne a wannan fanni, ka ilimantar da ni. In da sarki zai so ya kwashe bayanan birni daga gidan Shamuwa ya kawo gidanku, abu ne mai yiwuwa? Domin Alhaji Mudi ya nuna kamar aiki ne da ya fi ƙarfin ɗan Adam."

Fuskar Isiyaku ta haskaka, ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta malam, wallahi babu wata wuya. Akwai tsari buɗaɗɗe wanda masana suka sani ko'ina, kowane inji yana karanta shi, kuma kowane kamfani yana iya juya bayanansa zuwa gare shi in ya ga dama. Ƙin yi ne kawai."

Alƙali ya dubi masanan ƙasa, suka gyaɗa kai. Ya ce, "To kuɗin fita fa?"

"Zalunci ne tsagwaronsa. Wanda yake karɓar ladan ajiya kowane wata, da wane dalili zai sake karɓar wani don ya mayar wa mutum kayansa?"

"Amma ai zai ɗauki shekaru."

"Ina! In an matsa musu, kafin wata ya mutu sun gama. Kai, ana ma iya buɗe hanya tsakanin injinan, likita yana asibitinsa ya kira bayanin mara lafiya daga kowane gida, in mara lafiyar ya yarda."

Alƙali ya ce, "Ka amfane ni ƙwarai. Saura tambaya ɗaya, domin mu alƙalai ba ma yanke hukunci da sunan mutum. Wannan da ka faɗa, wajibi ne a kan Shamuwa don shi Shamuwa ne, ko kuwa a kan duk wanda ya riƙe ajiyar jama'a?"

Isiyaku, wanda zuciyarsa ta riga ta tafi ga lissafin asibitocin birni, ya ce, "Ai malam, adalci ba ya zaɓen suna. A kan kowa ne."

"Za ka maimaita a gaban sarki?"

"Har da rantsuwa."

Washegari aka kira Alhaji Mudi, alƙali ya yi masa irin tambayar game da bayanan bakin kogi. Mudi bai yi dariya ba wannan karon. Ya dubi shaidu, ya dubi Likita, ya ce, "Allah ya gafarta malam, kafin in amsa, ka gana da Isiyaku?"

Alƙali ya ce, "Na gana da shi jiya, kuma irin tambayar nan na yi masa a kan gidanku. Ba zan ɓoye maka ba, ya ce abu ne mai sauƙi, ya ce kuɗin fita zalunci ne, kuma zai rantse a fada."

Mudi ya juya ya dubi masanan da ke zaune. Sannan ya ce, "Malam, na ga abin da ka yi. In na ce ba ya yiwuwa, ga masana a zaune za su ƙaryata ni, Isiyaku kuma ya kwashe birni ya bar ni ina kallo. In na ce yana yiwuwa, na buɗe ƙofar gidana da hannuna."

Alƙali ya ce, "Ni ban ce ka faɗi komai ba sai gaskiya, Alhaji."

Mudi ya buga cinya ya ce, "To wallahi in dai za a buɗe tawa ƙofar, tasa sai an cire mata ƙyaure gaba ɗaya! Ku shaida. Yana yiwuwa, kuma duk abin da ya faɗa na yarda. Amma na san Belbela, za su ce to a baki su yi ta jan ƙafa. Saboda haka a ƙara da cewa kowace shekara a gwada, a ɗauki bayanan gari guda a kai ɗayan gidan a ga ko sun isa lafiya. Wanda ya kasa ko ya ƙi, a karɓe izininsa na aiki a ƙasar nan bayan ya miƙa abin da ke hannunsa."

Alƙali ya ce, "A kan kowa?"

Mudi ya ce, "A kan kowa, malam. Ai ka san ba ni da wata amsar."

Ranar da aka koma fada, jama'a suka cika har ƙofa, har da Sarkin Ruwa da mutanensa. Malam Isiyaku ya miƙe ya zuba bayaninsa yana satar kallon Mudi da murmushi, ya rantse a kansa. Mudi ya miƙe ya faɗi nasa a gajarce, fuska a murtuke, shi ma ya rantse. Sannan Alƙali Sha'aibu ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, malamai sun haɗu a kan cewa ajiya amana ce, kuma mayar da ita wajibi ne duk lokacin da mai ita ya nema. Wanda ya mayar da ita a halin da mai ita ba zai iya amfani da ita ba, bai mayar ba, ko da bai rage ƙwayar zarra daga cikinta ba. Abin da ya shige mini duhu a da shi ne ko mayarwar tana cikin ikon waɗannan bayin Allah, domin ba a ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba. Yanzu ga ƙwararru biyu, waɗanda babu wanda ya fi su sanin wannan sana'a a ƙasar nan, kowannensu ya shaida da rantsuwa cewa abu ne mai sauƙi, cewa kuɗin fita zalunci ne, kuma hukuncin yana kan duk mai riƙe da ajiyar jama'a. Ban ƙara komai daga wurina ba. Na hukunta Shamuwa da shaidar Belbela, na hukunta Belbela da shaidar Shamuwa, na kuma hukunta kowannensu da bakinsa."

Murmushin Isiyaku ya ɗauke. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai ni Shamuwa nake nufi."

Alƙali ya ce, "Na tambaye ka, ka ce adalci ba ya zaɓen suna. Ga shaidu."

Isiyaku ya juya ga sarki ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki lafiya da nisan kwana, ya ja zamaninsa, magana ce mai kyau ƙwarai, sai dai al'amari irin wannan yana bukatar in tuntuɓi manyanmu na can, su kafa kwamiti, su duba ta fuskoki da dama, sannan a hankali…"

Sarki ya dubi alƙali ya ce da ƙarfi, "Malam, ka gama?"

"Na gama, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Alhamdu lillahi! Isiyaku, da kake ganin birni zai zo hannunka ba ka nemi kwamiti ba, cewa ka yi kafin wata ya mutu. To watan nan da ka ambata shi muka ba ka, kai da abokinka. Ba mu kori kowa ba, ba mu ƙwace sirrin kowa ba, kowa ya jera kayansa a cikin gidansa yadda yake so, amma a bakin ƙofa da tsari ɗaya za a yi magana. Muna da makarantu da kasuwanni da ba a ba kowa ajiyarsu ba tukuna, wanda ya cika wannan sharaɗi ya zo ya nema. Wanda ya ƙi, Mudi ya riga ya faɗi hukuncinsa. Ka gaya wa manyanka haka, ka kuma gaya musu sarakunan maƙwabta sun aiko suna tambayar yadda muka ƙare."

Kada ku zaci, ya ku ma'abota karatu, cewa daga nan komai ya tafi sumul. Wata ya mutu, wani ma ya bi shi, kafin hanyar ta buɗe. Da aka yi gwajin farko sai aka ga injinan sun cinye haruffa masu lanƙwasa, duk wani Ɗanladi da Ɓaidu da Ƙasimu sun iso babu harafin farko na sunansu, Likita Ramlatu ta sake zuwa fada da ƙara, sarki ya sake kiran wakilan, kowannensu ya ɗora laifin a kan ɗayan har sai da aka kulle masanansu a ɗaki ɗaya aka ce kada su fito sai sun gyara. Amma daga ƙarshe abin ya tsaya da ƙafarsa. Ma'aikatan jinya suka daina kwafa da hannu, likitan birni ya riƙa ganin tarihin mutumin bakin kogi kafin ya gama zama a kujera. Abin mamaki kuma, babu kamfanin da ya bar ƙasar. Da kowannensu ya san ana iya barinsa, sai ladan ajiya ya sauko, magana ta yi laushi, har wasu samarin Ƙirya suka kafa nasu ƙaramin gidan ajiyar, suka sami garuruwa biyu.

Da al'amura suka daidaita, sarki ya kira Alƙali Sha'aibu a gaban jama'a ya ce, "Allah ya gafarta malam, ka cika sharuɗɗanmu uku, mu ma za mu cika namu. Mun naɗa ka mai kula da wannan tsari na bakin ƙofa, kai kaɗai, babu mai canza harafi a cikinsa sai da hatiminka, bayanka kuma 'ya'yanka su gada."

Alƙali ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina neman afuwa, ba zan karɓa ba."

Sarki ya ɗaga hannu sama ya ce, "Subhanallahi! Ashe kyauta ma a ƙasar nan sai an yi mana gardama a kanta? Saboda me?"

Ya ce, "Saboda abin da ka sha wahala ka fita daga cikinsa shi kake so ka sake ginawa, sai dai wannan karon da rawanina a kansa. Yau ina raye kana ganin alherina, gobe ɗana zai ce wa ɗanka kayansa ne amma sai an jira hatimi. Ka sa a buga tsarin a bainar jama'a, duk mai so ya karanta ya koya. Ka sa majalisa ta kula da shi, a cikinta da likita da malamin makaranta da ɗan kasuwa da masanan ƙasa, ana sauya su lokaci bayan lokaci. In ana bukatar alƙali a cikinsu, zan zauna zangon farko, sannan in tashi."

Sarki ya dube shi, sai ya yi dariya, irin wadda fadawa suka daɗe ba su ji ba. Ya ce, "Mun ji, mun kuma yarda. Amma alkyabba da gida da gona, waɗannan ba su da ƙofar da za ka tsare wa kowa, in ka ƙi su sai mun kai ka ƙara gaban kanka." Alƙali ya karɓa ya yi addu'a. Sarki ya sa aka ɗaukaka darajar Likita Ramlatu, ya ce ƙofar fada a buɗe take gare ta duk ranar da ta zo da ƙara, ko da ba ya son ji. Ya kuma sa aka nemo iyalan tsohon masuncin da ya rasu, ya yi musu ta'aziyya da kansa, ya ɗauki nauyinsu.

Wannan shi ne abin da ya gudana tsakanin Sarki Haliru da masu ajiyarsa. Mai hankali zai fahimta daga gare shi cewa amana ba ta cika da tsarewa sai da mayarwa, kuma mafi adalcin hukunci shi ne wanda mutum ya yanke wa abokin hamayyarsa, aka juyo da shi kansa, ya rasa abin da zai ce. Allah ne mafi sani, shi ne kuma mafi adalcin masu hukunci.